Wasannin harbi na kwamfuta sun iso ƙasar Kurfai ta waya: Me ya kamata iyaye su sani?

A kusan kowace rana akwai sa'ar da mutum fiye da miliyan ɗaya a sassan duniya ke zaune gaban kwamfutocinsu suna buga wasa guda, wato Counter-Strike 2. Mai wasan ba ya ganin fuskar jarumin da yake sarrafawa. Abin da ke bayyana masa a allo shi ne hannaye biyu riƙe da bindiga, da lungu a gabansa, da abokin gaba da ka iya ɓullowa ta kowace kusurwa. Shi kuma abokin gaban wani mutum ne mai rai, yana zaune a wani gari ko wata ƙasa da tasa kwamfutar.

A Filinge, babban garin ƙasar Kurfai da ke jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabashin Yamai, ba kowane gida ke da lantarki ba, balle kwamfutar da za ta iya ɗaukar irin wannan wasa. Sai dai rashin kwamfuta bai tare wa wasan hanya ba, domin kamfanonin da ke yin sa sun riga sun sauko da shi kan wayar salula.

Wannan ya sa tambayar da iyaye a Turai da Amurka suka shafe shekara 30 suna yi ta iso gidajen Kurfayawa: shin wasan harbi na ɓata yaro? A yankin da ƙarar bindiga ba labari ba ce, tambayar ta fi nauyi, kuma ta cancanci amsar da aka gina kan hujja.

Inda abin ya samo asali

Kamfanin id Software na Amurka ne ya kafa tubalin wannan nau'in wasa. A 1992 ya fitar da Wolfenstein 3D, sannan a watan Disamba na 1993 ya fitar da Doom, wanda ya ba mutum huɗu damar haɗa kwamfutocinsu da waya su fafata a fage guda. Kafin nan, yawancin masu wasa da na'ura suke karawa. Daga Doom ne jama'a suka ɗanɗana daɗin kayar da aboki, kuma ba su sake waiwayawa ba.

A 1996 Quake ya sauƙaƙa irin wannan karawa ta intanet. A 1999 wasu matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life kwaskwarima suka samar da Counter-Strike. Kamfanin Valve ya saye shi ya fitar da shi kasuwa a 2000. Call of Duty ya biyo baya a 2003, Valorant kuma a 2020, sannan Counter-Strike 2 a watan Satumba na 2023.

Don a gane girman harkar: a watan Oktoba na 2023 Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard, mai Call of Duty, a kan kusan dala biliyan 69.

Yadda ake buga shi

A Counter-Strike ana raba 'yan wasa gida biyu, biyar-biyar. Ɓangare ɗaya 'yan ta'adda ne da ke ƙoƙarin dasa bam, ɗayan kuma jami'an tsaro ne da ke ƙoƙarin hana su ko kwance bam ɗin. Kowane zagaye bai cika minti biyu ba. Idan aka dasa bam, saura daƙiƙa 40 ya tashi. Ɓangaren da ya riga cin zagaye 13 shi ya yi nasara.

Kowane ɗan wasa na samun kuɗin cikin wasa gwargwadon ƙwazonsa, da su yake sayen makami a farkon zagaye. Makaman kuwa hoton na gaske ne, har da AK-47 da kowa ya sani a Sahel. 'Yan ƙungiya ɗaya suna magana da juna kai tsaye ta makirfo: wane ya tsare ƙofa, wane ya zagaya ta baya.

Wanda aka harbe a Counter-Strike yakan jira zagaye na gaba ya dawo. A yawancin salon Call of Duty ma ba ya jira, cikin 'yan daƙiƙu ya tashi da sabuwar bindiga. A wasa mutuwa hutu ce ta ɗan lokaci, kuma a kan wannan ƙa'ida aka gina daɗinsa gaba ɗaya.

Abubuwa uku da suka hana kwamfuta zama a gidajen Kurfai

Na farko kuɗi. Counter-Strike 2 kyauta ne, amma kamfanin ya ce yana buƙatar sarari na gigabait 85 a kwamfuta. Sauke wannan kaɗai da datar waya aiki ne ja. Ita kanta kwamfutar wasa, mai na'urar sarrafa hoto ta musamman, kuɗinta ya ninka mafi ƙarancin albashi na Nijar, wato jaka 42 na sefa a wata, sau da yawa. Magidancin da ke lissafin buhun hatsi da abincin dabbobi lokacin rani ba zai sa ta a sahun gaba ba.

Na biyu wuta. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna kimanin kashi 20 cikin 100 na 'yan Nijar ne ke samun lantarki, a karkara kuma adadin ya yi ƙasa da haka nesa. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da takunkumin ECOWAS ya hau, Najeriya ta katse layin a farkon Agusta, ba a maido da shi ba sai a watan Maris na 2024. Kwamfutar wasa na iya shan wat 300 zuwa 500 idan wasa ya yi zafi, alhali cajar waya ba ta wuce wat 10 zuwa 20 ba, abin da ƙaramin farantin sola ke bayarwa cikin sauƙi. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura.

Na uku tazara. Duk harbin da ɗan wasa ya yi sai saƙonsa ya je wata babbar kwamfuta da ake kira saba, ta yanke hukuncin wanda ya riga wani, sannan amsa ta dawo. Lokacin wannan zuwa da dawowa shi 'yan wasa ke kira ping, kuma da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ake auna shi. Sabobin manyan wasannin da suka fi kusa da Afirka ta Yamma suna Turai ne ko Afirka ta Kudu. Nijar kuma ba ta da gaɓar teku, saƙonta sai ya ratsa ƙasashe maƙwabta kafin ya kai wayoyin ƙarƙashin ruwa. Sakamakon haka, yaron da ke Faransa yakan ga abokin karawarsa na Sahel ya harbe shi tun kafin hoton ya iso allon wancan. Ƙwarewa ba ta maganin wannan.

Zuwan Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, ya rage matsalar intanet ga mai halin sayen kwanon da biyan kuɗin wata. Matsalar wuta da ta kuɗi kuwa suna nan.

Waya ta buɗe ƙofar

Kamfanonin wasa sun daɗe da gane cewa yawancin mutanen duniya ba su da kwamfuta amma suna da waya. A ƙarshen 2017 kamfanin Garena na Singafo ya fitar da Free Fire, wanda aka ƙera don ya yi aiki a kan ƙananan wayoyi masu araha. A 2021 adadin saukar da shi a rumbun Google ya haura biliyan ɗaya. PUBG Mobile ya zo a 2018. Call of Duty Mobile ya zo a watan Oktoba na 2019, aka sauke shi sau miliyan 100 a makon farko.

Akwai ɗan bambanci a tsakaninsu. A Free Fire mai wasa yana ganin jaruminsa ta baya, a PUBG yana da zaɓi, a Call of Duty kuwa yawanci ta idon mai bindigar yake kallo, kamar dai na kwamfuta. Amma ruhinsu ɗaya ne: mutane na gaske, harbi, da hira ta murya.

Ga ƙasar da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, wannan babbar kasuwa ce. A Kurfai, inda tafiya cirani zuwa Yamai da Najeriya da ƙasashen gaɓar teku tsohuwar al'ada ce, waya na cikin tsarabar da matashi ke dawowa da ita, kuma daga hannun yaya take sauka hannun ƙane. Bambancinta da kwamfuta shi ne, kwamfuta tana zaune a ɗaki inda kowa ke ganinta, waya kuwa tana shiga aljihu, tana shiga ƙarƙashin bargo.

Inda bindiga ba wasa ba ce

Ƙasar Kurfai ta san jarumta tun kafin zuwan Turawa. Sunan Mayaƙi da ke haɗe da gidan sarautarta shaida ne. Daga gundumar Filinge ne Janar Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ya fito, haka ma Janar Abdourahamane Tiani. Gidaje da dama a yankin suna da ɗa ko ɗan'uwa a cikin kaki.

Shekarun baya-bayan nan kuma sun kawo wa jihar Tillaberi zubar da jinin da ba ta saba gani ba. A watan Disamba na 2019 aka kashe sojoji 71 a Inates. Ranar 25 ga wannan wata aka kashe jami'an tsaro 14 a yankin Sanam da ke gundumar Abala, wadda a da take ƙarƙashin Filinge, suna rakiyar masu rajistar zaɓe. Ranar 9 ga Janairun 2020 aka kashe sojoji 89 a Cinagodar. A farkon wannan shekarar aka haramta zirga-zirgar babura a jihar, aka kuma faɗaɗa dokar ta-ɓaci zuwa gundumar Filinge. A watan Maris na 2021 aka kashe fararen hula 58 a yankin Banibangu, da yawansu suna dawowa daga kasuwa. A 2023 makarantu fiye da 900 ne ke rufe a jihar saboda rashin tsaro.

Inda aka rufe makaranta, aka taƙaita tafiye-tafiye, yaro na samun dogon yini ba abin yi. Wayar da ke hannunsa ita ke cike wannan gurbi.

Akwai wani al'amari da ya haɗa duniyar wasa da ta zahiri a wannan jiha. Ranar 4 ga Oktoban 2017 aka yi wa sojojin Nijar da na Amurka kwanton ɓauna a Tongo Tongo, cikin gundumar Walam, inda sojojin Amurka huɗu da wasu takwarorinsu na Nijar suka mutu. A watan Maris na 2018 ƙungiyar IS ta saki bidiyon farfaganda da ya ƙunshi hotunan da kyamarar kan hular ɗaya daga cikin sojojin ta ɗauka. Mai kallo yana ganin fagen ta idon sojan, daidai yadda allon wasan harbi yake. Haka ma ɗan bindigar da ya kashe mutum 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch na ƙasar New Zealand ranar 15 ga Maris na 2019, kyamara ya ɗaura a kansa ya watsa kisan kai tsaye a Facebook.

Masu neman jan hankalin matasa sun san ƙarfin wannan salon kallo. Rundunar sojin Amurka da kanta ta fitar da wasan America's Army a 2002 don jawo matasa shiga soja, ta riƙe shi har 2022. Ƙungiyar IS ita ma ta yi amfani da hotuna da kalmomin Call of Duty a farfagandarta tun 2014.

Shin wasan na mayar da yaro mai kisa?

A nan ne ya kamata a bi a hankali. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta sake nazarin binciken da aka tara kan batun. Ta ce akwai 'yar alaƙa tsakanin wasannin tashin hankali da ɗabi'u irin su tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar da za ta sa a ɗora wa wasan alhakin aikata kisa ko manyan laifuka. Ta kuma yi gargaɗin cewa ɗora wa wasa laifi na kawar da hankali daga dalilan da suka fi girma.

Bincike a Afirka ya nuna waɗanne ne waɗannan dalilai. A watan Fabrairu na 2023 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fitar da rahoto bayan hira da kusan mutum 2,200 a ƙasashe takwas, ciki har da Nijar da Najeriya da Mali. Kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka shiga ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayi da son ransu sun ce neman aikin yi ne babban dalilinsu. Rahoton ya kuma nuna yawancinsu daga ƙauyukan nesa suka fito, masu ƙarancin karatu da ƙarancin intanet.

Ma'ana, yaron da ke buga Call of Duty a zauren gidansu a Filinge ba shi ne wanda bincike ya nuna ya fi kusa da shiga daji ba. Talauci, rufe makaranta, rikicin gona da makiyaya, da jin an zalunci mutum, su suka fi tura matashi can. Uban da ya fasa wayar ɗansa don tsoron kada ya zama ɗan ta'adda ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Inda haɗarin yake da gaske

Wannan ba ya nufin wasan ba shi da illa. Illarsa tana wurare uku da suka fi kusa da gida.

Na ɗaya lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan kwamfuta cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Alamominta su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin cutarwa, har tsawon kimanin shekara guda. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan mataki. Amma tun kafin a kai can, barcin da aka rasa, sallar asuba da ta kuɓuce, da darasin da ba a bita ba, duk asara ce. Wasan haɗaka ba shi da maɓallin dakatarwa: idan yaro ya tashi a tsakiya, abokansa sun faɗi, za su zarge shi. Shi ya sa kiran uwa ke zama “ina zuwa” har sau biyar.

Na biyu kuɗi. Wasannin kyauta ne a shiga, ribarsu tana cikin sayar da kaya da kwalliyar bindiga. Wasu kayan ba a sayensu kai tsaye, akwati ake saya a buɗe, ko a dace ko a tashi a tutar babu. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna caca ne. Ga iyayen da addininsu ya haramta caca, wannan ya fi jinin da ke allo buƙatar a sa ido. Ga kuma 'yan damfara da ke yi wa yara alƙawarin kuɗin wasa kyauta don su karɓe lambobin sirrinsu.

Na uku baƙuwar murya. A al'adar Hausa ba a barin baƙo ya shiga cikin gida ya keɓe da yaro. Makirfon wasa kuwa yana ba kowa wannan dama. Yawancin masu magana yara ne masu neman nishaɗi, amma akwai masu ashar da masu cin zarafi. A 2022 ofishin yaƙi da ta'addanci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto kan yadda masu tsattsauran ra'ayi ke kutsawa dandalin 'yan wasa da zaurukan hirarsu.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da yanki irin Tillaberi. Yaron da ya taɓa gudun hari, ko ya rasa mahaifi, ƙarar harbi daga wayar abokinsa na iya tayar masa da tsohon miki. A garin da ke karɓar 'yan gudun hijira, rage sautin wasa a cikin jama'a ladabi ne da ya kamata a koya wa yara.

Hani ko tarbiyya?

Wasu ƙasashe sun zaɓi hani. Indiya ta haramta PUBG Mobile a 2020, ta haramta Free Fire a 2022, bisa dalilan tsaron bayanai. Majalisar malaman lardin Aceh na Indonesiya ta ba da fatawar haramta PUBG a 2019. Gwamnatin Taliban ta ba da umarnin rufe shi a 2022. Sin kuwa tun watan Agusta na 2021 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 sa'a uku kacal a mako.

Wasu kuma sun rungume shi a matsayin sana'a. Saudiyya ta shirya gasar kofin duniya ta wasannin kwamfuta a Riyad a 2024, da kyaututtukan da suka haura dala miliyan 60, kuma Counter-Strike da Call of Duty na cikin wasannin da aka buga. A Afirka ta Yamma ana gudanar da bikin FEJA a Abidjan tun 2017. Sai dai masu cin abinci da wasa kaɗan ne ƙwarai a duniya, kuma wanda ke fama da ɗaukewar wuta da jinkirin intanet ya fara tseren a baya. Abin da ya fi tabbas shi ne ilimin da ke kewaye da wasan: gyaran kwamfuta da waya, haɗa na'urori da juna, girka sola, da koyon Faransanci ko Turanci.

Ga magidanci a Filinge ko Tukunus ko Bonkuku, matakan da ke hannunsa ba su buƙatar doka. Ya duba alamar shekaru da ke jikin kowane wasa, domin manyan wasannin Call of Duty na kwamfuta na 'yan shekara 18 ne a ma'aunin Turai. Ya sa a riƙa wasa a tsakar gida ko zaure inda ake gani. Ya karɓi waya bayan sallar isha'i. Ya rufe hira da baƙi a cikin saitin wasan, a bar abokan da aka sani. Kada ya bar lambar sirrin asusun kuɗinsa na waya a hannun yaro. Manhajar Family Link ta Google, wadda kyauta ce, tana ba shi damar ƙayyade sa'o'in da waya za ta yi aiki.

Mafi muhimmanci, ya zauna ya kalli zagaye ɗaya ko biyu, ya tambayi ɗansa da wa yake wasa, daga wane gari, me suke cewa. Yaron da ya san mahaifinsa ya fahimci wasan ya fi saurin kawo ƙara ranar da wani baƙo ya faɗa masa abin da bai dace ba. A wannan zama ne kuma uba zai samu damar faɗa masa abin da allo ba ya nunawa: sojojin Cinagodar da 'yan kasuwar Banibangu ba su tashi a zagaye na gaba ba, kuma iyalansu na nan a garuruwan da ke maƙwabtaka.